Jan Iri

Litinin, 6 ga Mayu 1974
“Malama Zuwera, kafin ruwan farko zan hana sayar da jan iri a kasuwa.” Haka juji, alƙalin kotu, ya ce mini ranar da muka binne ƙanwata Ƙande. Jiya an yi ruwan farko. Yau na bi ta kasuwar Magariya, buhunan Barau ɗan kasuwa na nan, baki buɗe.

Alhamis, 9 ga Mayu
In rubuta, kada in manta yadda aka yi. Sabon irin hatsi ne da masu aikin gona suka kawo, wai yana nuna da wuri. An shafe shi da jan magani saboda ƙwari. Na shuka ne, ba na ci ba. An rubuta haka a jikin buhu, da Faransanci, don mutanen Yekuwa, garin su Ƙande, da ba su taɓa shiga ajin lakwal ba. Barau ya saye daga hannun manoma, yana aunarwa. Mata kuma sun yarda in an wanke shi da toka sau bakwai dafin ya fita. Ƙande ta wanke sau bakwai. Ita ba ta taɓa yin ha'inci a aiki ba.

Juma'a, 17 ga Mayu
Na koyar. Na ci abinci. Ban ji komai ba.

Laraba, 22 ga Mayu
Kotu. Juji ya juya littafinsa gaba da baya. Wai doka ta yi maganar gurɓataccen abinci, shi kuwa wannan iri ne, iri ba abinci ba ne, sai a rubuta zuwa Damagaram. Na ce, “Ranka ya daɗe, a Yekuwa ana tona gidan tururuwa ana neman tsaba. Me ya rage wanda ba abinci ba?” Ya ce in zauna. Na karanta littafin nan kafin ya fara aske gemu.
Barau a bakin ƙofa: “Yaya, ni ban ɗura wa kowa ba.” Gaskiya ne. Shi ya fi ciwo.

Lahadi, 26 ga Mayu
Na bi amalanke zuwa Yekuwa da ɗan hatsin da ke gidana. Na tarar da Hambali, mijin Ƙande, tsugune da ƙwarya, yana wanke jan iri, ruwan cikinta ja. Ƴaƴanta uku na zaune suna kallon hannunsa. Na kifar da ƙwaryar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malama, naki na kwana nawa ne?”
Kwana goma.

Talata, 28 ga Mayu
Na auno tiya ɗaya ta jan iri wurin Barau. Bai iya duban idona ba.
Hatsin da na kai zai ƙare Laraba ta sama. Na aika wa juji takarda: zuwa Litinin, ko ya sa a kwashe buhunan a sauya wa mutane da na ci, ko in tuƙa tuwon jan iri in kai masa cikin kotu, da miya, in ajiye bisa littafinsa. Tunda ba abinci ba ne, ya faɗa wa kwanon. In abinci ne, ya sa hannu.
Na zuba tsabar a ƙwarya in gwada wankewa da toka. Sai na ji bakina na ƙirga, biyar, shida, da muryar Ƙande. Na zauna a ƙasa. Fuskata ta jiƙe. Toka ce, ina jin, ta shiga mini ido.