Auta da Hamadar Cikin Tire

Litinin, 6 ga Oktoba

Auta ce ta zo ta ɗaya! Duk cikin waɗanda suka rubuta jarrabawar shiga hukumar kula da yanayi, 'yata ce a sama. Na faɗa wa tela, na faɗa wa mai shagon bakin layi, har mai gyaran famfo bai tsira ba. Mamanta ta ce, "Malam, ka rage wa gobe sauran mutanen gari mana." Ina ruwana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Yar malamin labarin ƙasa ce, me ake jira ta zama?

Laraba, 8 ga Oktoba

Sun bugo mata waya. Tashar auna yanayi za su tura ta, can tsakiyar hamada, shekara biyu. Wai wanda ya fi ƙoƙari ake kaiwa can. Ku ji min hukuma! Ranar ashirin ga wata za ta ba su amsa, in ba haka ba su ba wani. Ta durƙusa ta ce, "Baba, in ba ka yarda ba, ba ni zuwa."

Na ce ban yarda ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mamanta ta tasa ni gaba tun safe. Wai akwai mata a tashar, akwai likita, akwai janareta. Na ce baiwar Allah, ni za a gaya wa hamada? Tun kafin a haifi yarinyar nan nake koyar da ita. Mutane sun ɗauka yashi ne mai laushi kamar na hoto. Ina! Yawancinta tsakuwa ce da falalen dutse, ka yi wuni kana tafiya ba inuwar da za ta rufe kan akuya. Iska ta taso ta shafe sawun mota kamar ba a taɓa bi ba. Ka hango ruwa yana ƙyalli, ka je ka tarar kawalwalniya ce. A shekara ba ruwan sama, ran da ya ga dama ya sauko a kan duwatsu, busasshen kwari ya cika ya kwashe wanda ya yada zango a ciki. Can zan kai autata?

Ta ce, "Ka gama darasin? Shayinka ya huce." Matar nan ba ta tsorona ko kaɗan.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau darasin tuddan yashi da 'yan aji biyu. Na fito da tsohon tirena da mafici. Ba malamin da ke da irinsa a makarantar nan, su sai dai alli da surutu. Na tara yashin, na yi ta fifita daga gefe guda, tudu ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, ƙahonninsa suka miƙe inda iska ta nufa, ya soma rarrafe. Yara suka miƙo wuya suna kallo. Har yanzu hannuna bai mutu ba, alhamdulillahi.

Sai wata mai baki a layin gaba ta ɗaga hannu. "Malam, da ka je can, haka ka gani?"

Na ce ta buɗe shafi na gaba.

Yashin nan daga wurin magina na ɗebo shi, bayan gidanmu. Auta ce ta tankaɗe min shi da rariyar mamanta tana 'yar firamare, aka yi ta faɗa a gidan. Ita ke riƙe maficin in ina gwaji a tsakar gida, ta yi ta fifita har yashin ya shiga idonta, ba ta kuka.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Da ma fushi Auta take yi, da na samu sauƙi. Sai gaisuwa da ladabi, har takalmina ta goge.

Asabar, 18 ga Oktoba

Auta ta same ni ina gyaran takardun jarrabawa. Ta ɗauki littafin da nake koyarwa da shi, ta buɗe inda aka jera zafin hamada wata-wata. "Baba, wa ya auno waɗannan?" Na ce masana. Ta ce, "Su ma ai 'ya'yan wasu ne." Ta ajiye littafin ta fita.

Bakin nan nata ba nawa ba ne, na uwarta ne. Amma hujjar, wallahi irin tawa ce sak. Na ji haushi, na kuma ji daɗi, ban san wanne ya fi ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Yayata ta zo da ƙatuwar leda, wai tsarabar tafiya ta kawo wa 'yarta. Ba wanda ya gaya mata na hana, ko kuma an gaya mata ta yi kunnen uwar shegu. Ta zazzage a tabarma: fanka mai caji, laima, riguna shara-shara har huɗu. "Ka san garin zafi ne," in ji ta.

Na yi niyyar yin shiru. Na rantse na yi niyya. Amma a gidana, a gaban idona, a haɗa wa mai zuwa hamada kaya ba abin rufa? Na ce haba Yaya! Wurin da ba gajimare, ba danshi a iska, me zai riƙe zafin in rana ta faɗi? Duk sama yake guduwa. Da rana dutse ya gasu, kafin asuba sanyi ya kama shi, yau da gobe har ya tsage. Dutse ke nan, balle yarinyar da ko fankar ɗaki ke sa ta mura! Ban san lokacin da na taka kujera na sauko da babban bargona daga kan kabad ba. Na dire shi a kan rigunan na ce, "Wannan za ta fara sawa a jaka, sauran tarkacen su biyo baya."

Yaya ta kalli maman Auta, ita kuma ta kalli silin. Auta ta rungume bargon ta sa fuskarta a ciki, kafaɗunta suna rawa.

Na ce ina da gyaran takardu, na shige ɗaki.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ta buga musu waya da safe. Ni dai ban ce na yarda ba, kowa shaida ne. Bargo kawai na bayar.

Na biya kasuwa na sayo safa masu kauri da hular sanyi. Mai shagon ya tambaya ko ƙasar ƙanƙara za a je, na ce a'a, hamada, 'yata ce za ta riƙe tashar auna yanayi a can. Na ɗan yi masa bayani, har layi ya taru a bayana.

Na wanke wata kwalba na tura cikin bargon. In ta zo hutu ta ciko min ita da yashin can, na zubar da na magina. Yarinyar layin gaba kuwa, in ta sake tambaya, ina da amsa: ban je ba, amma 'yata tana can.