Sarewar da Ban Ji Ba

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Yau ma kunnen nan nawa na hagu. Ƙarar nan kamar ta gyare ba ta bar ni ba tun safe. Siraran sautuka sun fara ɓace mini: sarewa, ƙararrawa, can saman fiyano. Ni mai haɗa kiɗa, da kunne ne abincina. Ban gaya wa kowa ba, tsoro nake ji.

Laraba, 9 ga Oktoba
Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro manhajar kiɗan nan. Ita ba ruwanta da ji. Lamba biyu take aika wa fiyano daga kwamfuta: ta farko ta ce wane rukuni, wanda muke cewa banki, ta biyu ta ce sauti na nawa a ciki. Fiyano ya ɗauko, shi ke nan. Na haddace lambobin tun kunnena na lafiya, don haka da ido nake zaɓa, ina kaɗa kai kamar mai jin daɗi. Ni da kwamfuta, kurame biyu, mu ne ke riƙe da situdiyon Oga Jaji a unguwar Manawashi.

Asabar, 12 ga Oktoba
Wuta ta dawo da ƙarfi, fiyanonmu ya ƙone. Oga ya aro wani a unguwar Barunde, ƙirar wani kamfani daban, gilashinsa a fashe, ba ya nuna sunan komai.

Litinin, 14 ga Oktoba
Na gama kiɗan waƙar Khairiyya, mawaƙiyarmu. Na tura lambar sarewa yadda na saba, na ga alamar sauti tana tsalle a kwamfuta, na ce ya yi.

Talata, 15 ga Oktoba
An saka waƙar gaban kowa. Khairiyya ta ɗago ta ce, "Yaya Usaini, wayar wa ke ƙara a cikin waƙata?"
Ashe wannan fiyanon jerinsa daban ne. Lambar da ke sarewa a namu, a nan ƙarar tarho ce. Baiti guda na kaɗa da ita, har da lumshe ido.
Oga ya yi ta dariya, ya ɗauka tsokana ce. Na taya shi dariyar. Khairiyya ba ta yi ba. Ta zagayo ta haguna, na ga bakinta ya motsa. Ban san me ta ce ba, sai na yi murmushi. Ta daɗe tana kallona.

Laraba, 16 ga Oktoba
Ban iya cin abinci ba. In ta faɗa, wa zai ajiye kurma a kan kiɗa?

Alhamis, 17 ga Oktoba
Khairiyya ta riga Oga zuwa. Ta ja kujera ta damana, ta ce in riƙa tura lambobin ɗaya bayan ɗaya, ita tana gaya mini abin da ya fito. Haka muka gano inda sarewar ta ɓuya. Ta ce babanta aikin injin niƙa ya yi har ƙarar ta kashe masa kunne, ta san irin wannan murmushin nawa tun tana yarinya. Wai shi ma asibiti ya ƙi har abin ya gagara. Na ce ni mura ce kawai. Ba ta yi mini gardama ba.

Asabar, 19 ga Oktoba
Mura ce, na tabbata. Litinin dai zan leƙa asibiti, don kawai ta bar ni in sha iska.
Da la'asar Oga ya yi magana ta bayana. Har na fara kaɗa kai, sai na tsaya, na juyo.
"Oga, maimaita. Ban ji ba."
Ya matso kusa, ya maimaita.