Murnar Jika Ta Sa Na Yi Gudu a Lome

Zuwa ga ɗiyata Nusaiba a Sukukutane.

Ina gaishe ki. Ya ƙarfin jiki, ya innarki? Allah ya raya mana jaririya!

Ina tuƙa motar albasa a nan Lome aka kira ni da albishir ɗin haihuwarki. Titin duk ramuka ne, doka kuma ta hana gudu cikin gari. Ni kuwa na taka mota ina dariya ni kaɗai. Ɗan sanda ya busa usur, ya riƙe takardar tuƙina. Kada ki damu, kullum ina zarya ofishinsu, sai su ce gobe. Barci ne dai ya ƙi zuwa.

Idan ranar suna ta zo ban iso ba, ku yanka ragon. Amma ki raɗa wa jaririyar, amaryata, kada ta kula samari kafin tsohon mijinta ya iso.

Babanki,
Mahmuda