Na Wanke Miki Mai Hura Kwalba, Yaya

Zuwa ga Yayata Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarki Rabi ce daga nan Kura. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Masu wannan shafi ne suka ce kowa ya aiko da ra'ayinsa kan littafin nan mai kashi uku, na mai hura kwalba da dokin sukuwa. Da na zauna rubutawa sai na ga ashe ban taɓa yin wani ra'ayi a kansa ba sai don in ja da ke. Saboda haka ke zan gaya wa, su kuma su leƙa idan suna so.

Kashi na uku ya fito, Yaya. Bayan duk jiran da muka sha, bayan duk tsinuwar da kika yi wa lalacin marubucin, ya fito, ke kuma ba kya nan.

Kin tuna yadda muka fara shi? A tsakar gidanki, lokacin kakar shinkafa, muna gumi, wato turara shinkafar kafin a kai ta sussuka. Ke kina gaban duro kina tura ɓuntun shinkafa a wuta, Tabawa da Uwani maƙwabtanki suna baza shanya, ni kuma da yake ni kaɗai na yi boko a cikinmu, aka ɗora ni kan turmi aka ce aikina karatu. Hayaƙi yana cin idona, ina share hawaye ina jan labari. Har yau littafin farko warin turaren shinkafa yake yi.

Labarin dai kin san shi. Doki ne na wani attajiri, wanda ba a taɓa wuce shi a filin sukuwa ba, aka wayi gari ranar tsere ya faɗi matacce, aka sami garin gilashi a cikin dusarsa. Yaron da ke kula da shi kuma aka neme shi aka rasa, sai gawarsa. A garin nan kaf mutum ɗaya ne yake aikin gilashi, wani dattijo mai narka kwalba a wuta ya hura ta da dogon bututu, kuma aminin mai dokin ne.

Da farko ma ƙaryata marubucin kika yi. Kika ce, "Kwalba ce za a hura kamar balam-balam? A bar yi mana ƙarya da rana tsaka." Sai da Uwani ta cire warwaron gilashin da aka kawo mata tsaraba daga Bida ta miƙa miki, kika juya shi, kika ɗaga shi a rana. Daga ranar kika ɗauki dattijon nan kika goya.

Kowa da nata. Tabawa ta ce mai dokin ne da kansa, don ita a duniya ba ta yarda da mai babbar riga ba. Uwani kullum da sabon wanda take zargi, duk wanda ya yi tari a shafin ranar shi ne. Ni na tsaya kan mai hura kwalba, kuma da hujjata: gilashi nasa, shiga gidan nasa, ga shi marubucin sai wani lallaɓa shi yake yi kamar ƙwai. Ke kuwa kika ce mahayin dokin ne, ba don kin kama shi da komai ba, sai don a bar miki mutuminki.

Hujjarki guda ce, ba kya canza ta. "Wanda ya wuni gaban wuta, Rabi, in ya tashi ruwa yake nema da tabarma. Ina ya ga ƙarfin mugunta?" In na ce miki littafi ba haka yake tafiya ba, sai ki nuna mini hannayenki da wuta ta gasa, ki ce in tambaye su. Har muka riƙa kiransa angonki. Kina zagina da 'yar boko mai baƙin ciki, ina ce miki lauyar masu laifi.

Haka muka cinye na ɗaya da na biyu, muka shiga jira. Duk wanda zai shiga Kano sai kin ba shi sallahu ya duba mana a kasuwa. Aka yi noman rani, aka kwashe tumatir da albasa, damina ta sauka, shiru. Kika ce ba za ki yafe wa marubucin nan ba idan ya bari kika tsufa ba ki ga an wanke angonki ba.

Ba ki tsufa ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, irin wanda kowa yake yi idan ruwa ya cika fadamun shinkafa. Ban ma ɗauke shi komai ba.

Yanzu a gidana ake gumin. Duronki yana wajena, Tabawa ce take tura masa wuta, kuma ba ta iya ba, ko ta cika ko ta rage. Ana aiki, ana hira, amma ba mai musu da ni. In na ce fari sai a ce fari ne. Ban san haka kaɗaici yake ba, Yaya, a ce kana tsakiyar mutane kowa yana gyaɗa maka kai. Ina kewarki ƙwarai, har da zagin.

Ranar kasuwar Bunkure mijin Uwani ya dawo da littafin a aljihu, wai a wajen wani mai baza littattafai ya gan shi. Matan nan suka hau guɗa kamar an kawo lefe. Na ce su bari sai gobe, kaina yana ciwo. Da la'asar na shiga ɗaki na buɗe shi daga baya, abin da kika hana ni yi tun ina yarinya.

Shi ne, Yaya. Angonki ne. Shi ya daka gilashin, shi ya kashe yaron don ya gan shi, duk a kan wata tsohuwar gaba da ya binne a ciki shekara da shekaru. Ni ce da gaskiya tun shafin farko. Na zauna a bakin gado da gaskiyata a hannu, na rasa inda zan kai ta. Da kina nan da na zagaye tsakar gida da rawa, da kin jefe ni da muciya. Sai kawai na fashe da kuka.

Washegari na hau turmi. Na karanta musu tiryan-tiryan yadda yake, har muka zo inda ɗan sanda ya tara kowa zai faɗi mai laifi. Tabawa ta bar wutar, Uwani ta tsaya da faifai a hannu. Na dubi takardar, na dubi duronki yana tururi, sai bakina ya kira sunan mahayin doki.

Daga nan kuma ba komawa. Na ƙaga masa dalili, na sa shi ya saci garin gilashin, na sa shi ya yi kuka ya amsa laifi. Na sa mai dokin ya je har gaban wutar dattijon ya durƙusa ya nemi gafara. Ina juya shafi ina faɗin abin da babu shi a ciki. Uwani ta ce, "Allahu Akbar, ashe Hajara ta fi mu gani." Tabawa ta share ido da bakin zane, aka yi miki fatiha. Har tsiya suka yi mini, wai boko bai tsinana mini komai ba, na kuwa karɓa.

To ga ra'ayina, ku masu shafi: littafi ya yi daɗi, marubuci ya iya ɗaure mutum, amma bai kyauta ba da ya makara. Duk kuma wanda ya karanta wannan a Kura ko Bunkure, don Allah ya rufa mini asiri wajen matan nan.

Abin da ya tsaya mini a rai ba ƙaryar ba ce, Yaya, na nemi gafarar Allah a kanta. Ke da, ko layi ɗaya na tsallake don sauri, ba kya ko waiwayowa daga gaban wuta za ki ce, "Koma baya, muryarki ta canza." Ran nan na ƙaga babi sukutum, muryata tana rawa, ina ta jira a ce in koma baya. Ba wadda ta ɗago kai.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sanyaya makwancinki fiye da yadda kika sha zafi a duniya. Allah ya raya abin da kika bari, ya sa mu haɗu a inda ba a rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
ƙanwarki Rabi, 'yar boko,
Kura.