Na zuba zancen zuciyata a shafin da kowa ke fara gani

Anti, don Allah ki taimake ni, don na rasa ko dariya zan yi ko in kama tattara kayana daga ofis.

Aikina zanen fuskar manhaja ne. Ni ke tsara shafin da ke tarbar kwastoma, da allon da 'yan kasuwa ke duba cinikinsu: ina maɓalli zai zauna, wane launi, me za a rubuta. A teburin da ke kallon nawa akwai wata mai gwada aikinmu kafin a kai wa masu shi. Muna kiranta Ido, don ko ɗigo ya karkace sai ta gano. Anti, na daɗe da faɗawa tarkon sonta, amma da ta ɗago kai sai in ɓige da tambayarta ko ta ga cajata.

To, a kowane allo akwai shafin da ke fitowa idan ba a shigar da bayanin komai ba. Muna haɗa wa wani kamfanin magunguna manhaja, sai dabara ta zo mini. Na ce a raina ai wannan lungun ba mai leƙa shi sai Ido. Maimakon in rubuta "Babu bayani tukuna", sai na rubuta mata: "Nan wayam yake, kamar ofis ranar da ba ki zo ba." Har da ɗan zanen kofin shayinta mai tsagaggen hannu!

Ta gani, Anti. Ta gani! Yarinyar da ke dawo mini da aiki saboda ɗigo ɗaya, ta sa wa wannan hannu ya wuce ba gyara. Tun ranar take ajiye kofin nan a bakin teburina. Ni kuwa tafiya nake kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa, har mai gadi ya tambaye ni ko ƙarin girma aka yi mini.

Abin da na manta don tsabar shauƙi: duk sabon kwastoma ba shi da bayanin komai, ke nan shafin nan ne abu na farko da zai gani. Jiya manajar kamfanin ta bugo wa shugabanmu, wai manhajarmu na yi wa ma'aikatanta kalaman soyayya. Yanzu yana neman wanda ya bari abin ya wuce, kuma sa hannun Ido ne a kai. In na goge, kar ta zaci na janye. In na yi shiru, aikinta ne ke cikin haɗari. Ga shi har yanzu na kasa daina murmushi. Yaya zan yi?

Naki,
Mai zanen maɓalli

Ɗana mai zanen maɓalli,

Sai da na ajiye tabarau na yi dariyata mai isata, sannan na ɗauki alƙalami. Allah ya shirye ka.

Ban ga laifinka a son ba, kunya kuma ba aibi ba ce. Amma shugabanka da manajar nan suna da gaskiya: kayan aiki suka saya, amana aka ba ka, ka mai da shi wurin zance. Ita ma Ido ta yi sake, sai dai saboda kai ta yi shi.

Don haka gobe ka riga kowa shiga wurin shugaba. Ka ce kai ka rubuta, ka ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, ka gyara shafin nan take. Faɗa za ka sha, wataƙila har da takardar gargaɗi. Ka shanye. Kar ka bari a kira ta kafin kai.

Batun ko za ta zaci ka janye, kwantar da hankalinka. Mace mai gano karkataccen ɗigo ba za ta kasa gane wanda ya tare mata faɗa ba. In ka fito, ka ɗauki kofin nan ka mai da mata da hannunka, ka faɗa mata da bakinka, ba batun caja. In da gaske kake, ka tambaye ta yaushe za ka je gaida iyayenta.

Ta riga ta sa hannu sau ɗaya a kan maganarka, har ta kusa rasa aikinta. Saura kai ka sa naka. Allah ya sa alheri, kuma in an sa rana kar a manta da Anti.