Itacen Naɗin Zaren Inna

Yaya,

Ina gaishe ki da Baba da yara, da fatan ƙafar Baba ta yi sauƙi. Ni lafiya lau nake. Ruwan wanki ne kawai ya farfasa mini hannu, shi ma na saba.

Jiya direban da kuka ba saƙo ya same ni a bakin ƙofar gidan aikina. Na kwance ƙullin, sai ga itacen da Inna take naɗe zare a kansa in ta gama kaɗi. Yaya, itacen da ko maƙwabta ba ta ara wa, shi ne ya ƙetaro har nan? Na ce, “Malam, Inna fa?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Saƙo kawai aka ba ni, baiwar Allah.”

Akwai sauran zare a jikinsa. Naɗin farko tamau yake, irin nata. Na ƙarshe kuwa sako-sako, yana zamewa. Ashe ta daɗe tana jin jiki, ku kuma kullum na kira sai ku ce tana barci.

Ban yi fushi ba, na san tausayina kuka ji. Allah ya saka muku da alherin jinya. Amma ki rubuto mini ranar da abin ya faru, da wanda yake kusa da ita, da ko ta ambace ni.

Yau ma na tashi na yi shara da wanki. Har yanzu ban yi kuka ba, don ba wanda ya faɗa mini da bakinsa.

Ƙanwarki