Tallar Caca a Gefen Hoton Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigida da yara? Mu nan Daura lafiya lau.

Ƙanenki Nura ya gama zubar mana da mutunci. Ya rubuta labarin rasuwar Baba a shafinsa na intanet, wanda kamfanonin talla ke biyansa in an leƙa. Da Kawu Sale ya buɗe, sai ga tallar caca manne da hoton Baba, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana limanci!

Na ce ya sauke. Wai, "Kamfani ke zaɓar talla, kuma rubutun nan ya fi kowanne jawo mutane."

Ki kira shi, ni na daina amsa gaisuwarsa. Ki sa Baba a addu'a, Nura kuwa ki roƙa masa kunya. A gaida yara.

Ƙanwarki,
Binta